Wace mota ce za ta ja mini ƙaramar tirela zuwa gona a fadamar Auyo?

Manomin Auyo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, musamman kanikawa da direbobin daji da masu walda.

Ina noman shinkafa da damina, da rani kuma alkama da ɗan tumatir, a yankin Auyo ta jihar Jigawa, kusa da aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin gonata hanyar iri biyu ce. Farkonta jigawa ce, yashi mai laushi wanda ko babur sai ya yi ta rawa a ciki. Ƙarshenta kuma laka ce ta fadama, da rani ta bushe ta tsattsage, da an yi ruwa biyu ta koma caɓi. A tsakani akwai wani ɗan kwari da ake gangarawa a haura.

Abin da nake kaiwa shi ne taki buhu 20 mai kilo 50, injin ban ruwa da tiyonsa, wani lokaci tankin ruwa na lita 1,000 saboda feshi, da kaka kuma a fito da shinkafa. Yanzu hayar amalanken shanu nake yi, ko a-kori-kura idan na samu. Lokacin girbi kowa yana nema, sai shinkafata ta kwana a fili ina kwana da ita a zuciya. Wannan ne ya ishe ni.

Motoci uku ke gabana. Akwai Hilux 'yar 2010 mai ƙofa huɗu, mai fetur, mai ita ya ce fowil ce, wato duk tayoyinta huɗu suna ja. Akwai tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura mai shan gas, amma kuɗinta ya fi ƙarfina sai na sayar da wani abu. Babban ɗana kuma ya nace a kan Highlander, wai ta yi gona ta yi iyali. Wani mai walda a garinmu ya ce zai ƙera mini tirelar da aksil ɗin tsohuwar bas, ya liƙa ƙugiya a bambar baya, shi ke nan. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Wace zan saya, kuma yaya ya kamata a haɗa tirelar? Allah ya saka da alheri.

Bakanike, Kano:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar mota, a fara da sikeli. Taki buhu 20 tan ɗaya ne cif. Ruwa lita 1,000 shi ma tan ɗaya ne, ban da nauyin tankin. Tirelar da masu waldarmu ke ƙerawa da ƙarfe mai kauri da wuya ta gaza rabin tan ita kaɗai. Ka ga ko ɗaya daga cikinsu ka ɗauka, tun ba a ɗora injin ban ruwa ba ka kai tan ɗaya da rabi.

Yanzu ga inda mutane ba sa kallo. Kusan duk motocin nan, Hilux ce ko Land Cruiser, littafinsu bai yarda su ja tirelar da ba ta da birki ba idan ta wuce kilo 750, ita da kayanta. Babban adadin da dillalai ke faɗa na tirela mai birkinta ne. Irin Hilux ɗinka, wadda aka yi daga 2005 zuwa 2015, a Ingila da Ostareliya an fara ba ta kilo 2,250, amma adadin yana canjawa da ƙasar da aka yi wa motar, don haka duba littafin taka. Kuma wannan lissafin kwalta ne. Tsohuwar Land Rover Defender an yarda ta ja kilo 3,500 a kan titi, amma littafinta ya ce a daji kada ta wuce 1,000. Ja ba shi ne wahala ba, Alhaji, kowace mota mai giyar ƙarfi za ta motsa kayan. Tsayar da su a gangaren kwarin nan naka shi ne aikin. Tan ɗaya da rabi marar birki zai tura bayan Hilux gefe, tirelar ta naɗo ta daki motar.

Highlander ka cire ta. Ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura, ba ta da giyar ƙarfi ta 4L, cikinta kuma yana kusa da ƙasa. Mota ce mai kyau a kai iyali Dutse, a bar ta a nan. Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, ita ce uwar aikin, ba ta da sauri amma tana da naci, kuma ba ta da tarkacen lantarki. Sai dai tsohuwa wadda ta gaji tana iya cin kuɗin takinka na shekara a gareji. Lafiyayyar Hilux ta ishe ka, idan tirelar ta samu birki.

Amma kada ka karɓi maganar fowil da baki. Leƙa ƙarƙashi ka ga sandar da ke kai ƙarfi tayoyin gaba tana nan, don akwai waɗanda ake cirewa idan ta fara ƙara. Kai ta cikin yashi, sa 4L, ka ga tana rarrafawa da ƙarfi. Idan manuwal ce, sa ran kuloci zai sha wuya wajen tashi da kaya. Idan otomatik ce, zafin man giya ne abokin gabarka, a ƙara mata ɗan lagireton sanyaya shi.

Maganar ƙugiya a bamba kuwa, don Allah kar ka yarda. Ƙarfen ja a jikin shasi ake ɗaure shi, ɓangare biyu, da manyan notuna a ramukan da kamfani ya tanada. Ba a ƙona shasi da walda.

Direba daga Damagaram:

Ina gaida Alhaji da mutanen Haɗeja. Mu nan tsakanin Zinder da Tanout da Agadez rairayi ne abincinmu, bari in tsoma baki a wannan ɓangaren.

Abu na farko, faɗin tirela. A sa tazarar tayoyinta ta yi daidai da ta motar, yadda za su bi sawun da kat-kat ɗin, wato motar fowil, ta riga ta danne. In ta fi motar faɗi ko ta fi ta ƙunci, sabuwar hanya take yankawa a cikin rairayi, injin yana ja kamar an ɗaura masa garma. Aksil ɗin bas da mai waldarka ya ambata, a auna shi tukuna. In da hali a sa mata taya da rim irin na motar sak. Hilux mai fowil noti shida take da shi, Land Cruiser ta aiki ta bayan nan kuma biyar. In sun dace, safaya ɗaya ta yi wa kowa.

Na biyu, iska. Kafin ka shiga jigawa ka rage ta, a motar da tirelar duka. Mu muna saukowa wajen kilo 1.3, wato kusan 18 zuwa 20 a gejin masu facinku. In kaya sun yi nauyi, kar ka sauko da na baya sosai. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa ta hau saman rairayi maimakon ta tona. Sai ka riƙe famfon iska a mota, domin in ka hau kwalta da ita haka da gudu za ta yi zafi ta fashe. Ka cire fowil ma da ka hau kwalta.

In ka ji tana nutsewa, ɗaga ƙafa. Ƙara wuta binne ta yake yi. Ka kwance tirelar, ka fitar da motar zuwa ƙasa mai ƙarfi, sannan ka jawo tirelar da doguwar igiya. Shebur da faranti biyu na ƙarfe kada su bar motarka. Kuma ko kusa kada wani ya rataya igiyar fizga a kan ƙwallon ja, dunƙulen ƙarfen nan da ake rataya tirela a bayan mota. Yana karyewa ya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum.

Ni ƙugiya da zobe na fi yarda da su a daji, irin na motocin soja. Ƙwallon nan na milimita 50 bai da wurin juyawa sosai, in mota ta karkata dama tirela ta karkata hagu a cikin kwari, yana iya ƙwacewa.

Mai walda, Panteka:

Ɗan'uwana na Damagaram ya yi gaskiya a kan faɗi. A kan ƙugiya da zobe ina da ƙari: suna da sako-sako, duk tashi da tsayawa sai sun buga, bugun nan kuma yana sassauta notuna. In za ka sa, a sa wanda zoben ke juyawa a cikin hannun tirela, kuma ka riƙa bin notunan da sifana.

Ga yadda zan ƙera in ni ne. Aksil ɗaya, mai birki. A ɗan matsar da shi baya da tsakiyar bodi, yadda wajen kashi goma cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan ƙugiya. A tan ɗaya da rabi, kilo 150 ke nan. In ya gaza haka, tirela tana kaɗa wutsiya da ka ɗan yi gudu. In ya yi yawa, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau. Ka tuna kilo 150 ɗin nan a bayan Hilux yake zaune, don haka ba za ka cika bodinta da buhuna ka zuba leburori biyar sannan ka rataya tirela ba. Hannun ja ya yi tsawon da in ka karya kwana bodi ba zai taɓa motar ba, kuma tirela ta zauna daidai, ba ta duƙa ba ba ta ɗaga kai ba. Sifirin mai ganye, wanda ko ya karye za ka samu a kowace kasuwa. Sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin hannun, in ƙugiya ta saki su tare shi kada ya caki ƙasa. Fitilar birki da sigina da abin ƙyalli a baya, ba don jami'an kiyaye haɗurra kaɗai ba, don mai babur da ke binka da magariba.

Tankin ruwa kuwa, ko a cike ko babu komai. Rabin tanki yana tambal-tambal, shi ke kifar da tirela a karkace. A ɗaure shi ƙasa-ƙasa, a kan aksil.

Wani manomi, Kura:

Alhaji, duk abin da suka faɗa na rani ne. Daga Yuli zuwa Satumba lakar fadama ba ta san Hilux ba, ba ta san Land Cruiser ba, balle da tirela a baya. Kai takinka tun ƙasa na bushe, abin da ya rage ka bar wa tarakta ko shanu. Kada ka raba gari da mai amalankenka.

Manomin Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Highlander ta fita, na karanta wa yaron da kaina. Hilux ɗin zan kai wa bakanikena ya duba fowil. Malam na Kura, na ji, damina ta shanu ce. Abin da ya rage mini shi ne birkin. Wane iri zan nema, kuma in ban samu ba fa? Sannan kwarin nan yakan riƙe ruwa har bayan damina.

Bakanike, Kano:

Nemi irin wanda ke kama kansa: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo, hannun ja ya shige ciki ya ja birkin. Ba ya buƙatar waya ko na'ura a cikin mota, kuma yakan zo da birkin hannu, wanda zai yi maka amfani ranar da ka kwance ta a gangare. Ka tambaya a kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano ko wurin masu kayan tsofaffin janareto na ja da kwamfaresa, da irin wannan aksil da hannun suke zuwa. Duba farantin da ke jikinsa, nauyin da aka rubuta ya haura naka. Ka gwada ribas da shi kafin ka biya, domin wasu tsofaffin suna kamewa in ana baya sai an sa musu makulli.

In bai samu ba, a yi tirelar ƙarama marar nauyi, ita da kayanta kada su wuce 750, sauran buhunan a bodin mota ko a yi sawu biyu. Tankin lita 1,000 kuma ya jira.

Ruwan kwari kuwa, kada ka faɗa masa da cibiyar taya tana da zafi, tana tsotsar ruwa ta lalata boris. Tsaya ta huce, ka taka da ƙafa ka ji zurfinsa da ƙasansa, sannan ka shiga da 4L a giya ta biyu ba tare da canjawa ba. Da ka fito ka ɗan tattaka birki ya bushe, kuma duk ƙarshen kaka a buɗe boris ɗin tirelar a wanke a sa sabon giris.