Awa biyu tiransit a Dubai za ta ishe ni kuwa?

sabuwar_matafiya:
Salam jama'a, don Allah waɗanda suka saba tafiya ku taimaka min. Wata mai zuwa zan hau jirgi karon farko a rayuwata, kuma a Dubai zan canza jirgi, tsakanin sauka da tashi awa biyu da minti goma ne kacal. Ana ta tsorata ni wai filin jirgin can gari guda ne. Akwatina fa, ni zan ɗauko in sake kai musu? Wallahi abin har barci yake hana ni.

ɗan_hanya:
Wa'alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Tukuna ma, tikiti ɗaya kika yanka ko biyu daban-daban? In ɗaya ne ba ruwanki da akwati sai kin isa inda za ki, ki dai adana ɗan sitikan nan da za su liƙa miki lokacin awon kaya, shi ne shaidarki in akwatin ya maƙale. In kuwa biyu ne to da sauran aiki, sai kin fita ta imigireshan kin ɗauko kayan kin sake awo, a nan maganar biza za ta shigo, awa biyu ba ta yi.

hajiya_mai_jaka:
'Yata awa biyun nan ba biyu ba ce fa. Kafin a buɗe ƙofa ku fito minti ashirin ta tafi, wani lokacin ma bas ce za ta kwaso ku, sannan a sake cajin jakar hannu, kuma get ɗin, wato ƙofar shiga jirgi, minti 20 kafin tashi ake rufewa. Tamina 3, ɗaya daga cikin gine-ginen fasinja na filin jirgin, ɓangare uku ce, A da B da C, shi A har ɗan jirgin ƙasa ake hawa a je. Kina fitowa ki nemi allon nan mai jerin jirage, da lambar jirginki za ki duba ba sunan gari kawai ba, ki je ki ga get ɗinki da idonki tukuna kafin shiga shaguna. Ni a wani filin daban na tsaya shinshina turaruka ashe an canza mana get ban sani ba, sai sunana na ji a lasifika an karanta shi a karkace, haka na ruga takalmi a hannu ina haki mutane na kallona. Ko tunawa ba na son yi.

ɗan_hanya:
Hhh Hajiya sannu. Na manta, lokacin da ke jikin tikiti agogon can ne, ki gyara na wayarki. Ruwa ko man shafawa kar ya wuce 100ml a jakar hannu, fawa bank kuma a hannu ake riƙewa, ba a sa shi a akwati. Akwai masallaci da wayifai kyauta.

sabuwar_matafiya:
Na duba, tikiti ɗaya ne alhamdulillah. Na gode sosai Yaya, Allah ya saka Hajiya. Bari in je in ciro fawa bank ɗin, can ƙasan akwati na cusa shi tun jiya.