Kifin gobi mai zanen marmara a tankin gilashi: me kuka gani?

Ɗalibi a Malesiya: Assalamu alaikum. Cikinku akwai wanda ya taɓa kiwon gobin nan, Oxyeleotris marmorata? Nawa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Yini yake kwance bisa yashi ko motsi babu, amma gari na wayewa sai in tarar ƙananan kifayen sun ragu.

Mai sayar da kifin ado, Legas: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shi ne ɓarawon. Kwanton ɓauna yake yi, da dare yake farauta, kuma duk abin da ya shiga bakinsa ya tafi ke nan. Na ga wanda ya haɗiye kifin da ya kusa rabin tsawonsa. Ka raba su yau. Sannan ka fara tanadin babban tanki, don a kogunansu na asali, irin su Mekong, yana iya wuce santimita 60. A gidajen abincin Malesiya da Singafo ma da tsada ake sayar da shi.

Wata Hajiya, Abuja: Ni abincinsa ne ya fi ba ni aiki. Da farko abu mai rai kawai yake karɓa. Na fara da tana, daga baya na riƙa kama ɗanyen jatan lande da dogon hantsaki ina kaɗa masa a gaban baki bayan an kashe fitila, har ya saba. Yanzu yankan karfasa ma yana ci. Kada ka ɗora shi a kan jan kifin adon nan da ake sayarwa don ciyarwa, ƙanena. Yana ɗauko cuta, kuma namansa na ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Ba kullum ake ba babba abinci ba, sau biyu ko uku a mako ya wadatar.

Ɗalibi a Malesiya: Na gode, Hajiya. Maɓoya fa?

Malamin makaranta, Kaduna: Guntun bututun roba mai faɗi na sa masa, da yashi mai laushi, haske kaɗan. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28. Da hunturu ni sai na kunna hita. Ka rufe saman tankin da kyau, yana tsalle in ya firgita. Ƙazantarsa kuma ba kaɗan ba ce, ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako.