Mun tashi daga mutum 5 zuwa 11, kowa daga gida yake aiki: ina shawara?

Aminu: Salamu alaikum 'yan zaure. Tawagarmu ta kai mutum 11, kowa daga gidansa, biyu ma suna wata ƙasa. Saƙonni sun fara ɓacewa, sababbin shiga kuma ba sa cewa uffan. Wace manhaja za mu koma, kuma ya ake yi kada wani ya ji an mance da shi?

Zulai: Wa alaikumus salam. Slack, manhajar hirar aiki, shi ke nan.

Malam Nura: Da sauran magana, Zulai. Slack na kyauta yana ɓoye duk saƙon da ya wuce kwana 90. Ranar da za ku nemi abin da aka yanke wata huɗu baya, ba za ku gan shi ba. In dai kuna da Microsoft 365 ko Google Workspace, ku fara duba abin hirar da ke ciki kafin ku ƙara wani.

Hajiya Rabi: Aminu, bar zancen manhaja tukuna, yi wannan lissafin. Mutum 5, hanyoyin magana tsakanin mutum biyu-biyu guda 10 ne. Mutum 11, sun zama 55. Abin da a da kowa yake ji da baki, yanzu ba zai kai ga kowa ba. Ga yadda ɓarnar take zuwa: mutum biyu su yi waya su sauya tsari, na uku bai sani ba, ya ci gaba da aiki a kan tsohon har ƙarshen mako, sannan a ce shi ne bai mai da hankali ba. Daga ranar ya daina tambaya.

Ku buɗe takarda ɗaya tak ta shawarwarin da aka yanke, Google Docs ma ya isa. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, abin da aka yanke, dalili, da sunan wanda zai aiwatar. Duk taron da aka tashi ba a rubuta layinsa ba, a ɗauka ba a yi shi ba. Tambayar aiki kuma a daina kai ta saƙon sirri, a yi ta a fili inda kowa zai ga amsar, don sabon shiga da karanta tambayoyin wasu yake koyo. A Trello ko makamancinsa, wato allon da ake jera ayyuka a matsayin katuna, kowane kati sunan mutum ɗaya. In aka sa suna biyu, kowa sai ya jira ɗan'uwansa.

Sabon ma'aikaci kuwa, imel ɗinsa da izinin shiga fayiloli su kasance a shirye tun kafin ranar farko. A haɗa shi da abokin aiki wanda ba shugabansa ba, su riƙa magana ta minti 15 kullum tsawon mako biyu, saboda akwai tambayar da mutum ba zai yi wa oga ba don kunya. A ba shi ƙaramin aikin da zai iya kammalawa a makon farko. Kai kuma ka ware wa kowa minti 30 duk bayan mako biyu, kai da shi kaɗai, shi zai kawo abin da za a tattauna. Kada ka mai da zaman wurin karɓar rahoton aiki, rahoto yana kan allon ayyuka. Tambaye shi me ya tare masa hanya, wa yake jira.

Bashir: Hajiya ta rubuta mana littafi, saura bango.

Hajiya Rabi: Karanta dai, ɗan nan.

Sadiya: Ƙari a kan na Hajiya: ku rubuta ƙa'idar amsa saƙo. Misali, saƙon hira a amsa cikin awa huɗu na lokacin aiki, abin gaggawa kuma a buga waya. In ba haka ba kowa zai kwana da waya a hannu. Shugaba ya yi amfani da saita lokacin tura saƙo, wanda ya rubuta da dare ya isa da safe.

Bashir: Ni dai a tilasta kunna kyamara a taro. Ya za ka san mutum yana tare da ku?

Zulai: A'a wallahi. Bidiyo yana cin data, in intanet ta yi rauni murya ce take fara yankewa. A gaisa da kyamara minti biyar na farko, sannan wanda ya so ya kashe.

Bashir: Wanda ya kashe barci yake yi.

Zulai: Da ƙwarewa kake magana ke nan.

Malam Nura: Ku bar wannan. Aminu, mutum biyun da ke waje, wace ƙasa? In Turai ko Amurka ne, agogonsu yana sauyawa. Amurka tana matsar da nata ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe, a tsakanin nan taro yake rikicewa. A sa taro a kalanda ta yadda kowa zai ga lokacinsa, a daina rubuta "ƙarfe uku" a hira. Ku kuma tsayar da awa uku ko huɗu da kowa yake kan aiki tare, duk taro ya faɗa ciki.

Aminu: Ɗaya Jamus, ɗaya Kanada. Na gode Malam. Wani ya ce in sa manhajar da ke ɗaukar hoton allon ma'aikata, ya kuka gani?

Sadiya: Kul. Mutane za su koyi motsa linzamin kwamfuta ne kawai, nagartattun kuma su fara neman wani aiki. Duba abin da aka gama.

Ibrahim: Ba wanda ya ambaci kalmar sirri. Ku daina tura ta a hira. Ku sa manhajar adana kalmar sirri irin Bitwarden ko 1Password, ku kunna tantancewa mai mataki biyu (bayan kalmar sirri a nemi ƙarin lamba ta waya), ku kuma ajiye jerin duk inda kowa yake da izini, don ranar da wani ya bar aiki a rufe a ranar.

Bashir: Zoom na kyauta shi ne ya fi kowa iya shugabanci, minti 40 ya kori kowa.

Zulai: Google Meet yana kai awa ɗaya.

Bashir: Shi ya sa ba na son sa.