Ciyar da Mai Ciwon Suga a Makka: Shawarwarin da Aka Tattara

A zaman da wasu matan Hausawa mazauna Makka suka yi kan ciyar da mai ciwon suga, batun shinkafa ne ya fi cin lokaci, domin kabsa da mandi, wato nau'o'in shinkafa da nama, su ne abincin rana da na biki a nan, kuma akan zuba su a babban faranti ɗaya kowa ya sa hannu, har mutum ya tashi bai san iya abin da ya ci ba. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a ɗebar wa mai ciwon nasa daban, a cika rabin kwanon da salak ko dafaffen ganye, a sa masa kaza ko kifi, shinkafar kuwa kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu. A ganina wannan ya fi hana shi shinkafa ɗungurungum, abin da ba ya ɗorewa.

An yaba wa ful, wato dafaffen wake, a karin kumallo, muddin aka rage burodin tamis, kuma dabino biyu ko uku sun wadatar tare da gahawa.

Game da cin abinci a waje, an tunatar cewa tun 2019 aka wajabta wa gidajen abinci a Saudiyya rubuta adadin kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, don haka a duba kafin a saya, a fifita gasasshe a kan soyayye, a sha ruwa maimakon lemon kwalba. Mai allurar insulin kuma ya riƙa ajiye dabino a aljihu saboda faɗuwar suga, musamman lokacin ɗawafi da sa'ayi, kuma kada ya sauya magani sai da izinin likita.