Wane nau'in lamba ya dace da adireshi a kernel?

Mai tambaya, daga unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta ƙaramin kernel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da yaren C, aikin ƙarshen karatuna ne, ina gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta. Duk adireshi, wato lambar wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a unsigned int nake zuba shi, kuma a bit 32 lafiya lau. Da na koma bit 64, duk adireshin da ya haura 4 GB sai ya guntule. Wani ya ce in sa unsigned long, wani ya ce size_t. Kaina ya ɗaure, ku taimaka.

Amsa daga Tasawa:
Wa alaikumus salam. Sa uintptr_t, tun C99 yake cikin stdint.h, kuma GCC, mai fassara C zuwa yaren inji, na ba ka shi ko da -ffreestanding, yanayin da ake haɗa kernel da shi. Shi size_t na auna girma ne. Unsigned long kuwa, mutanen Linux na amfani da shi don a wurinsu tsawonsa ɗaya da pointer, wato abin da ke riƙe adireshi a C, amma a Windows bit 32 ne ko a injin bit 64. Kar ka ari rigar da ba a ɗinka maka ba.

Wani dattijon zaure:
Ƙanena, maganarsa daidai ce, amma da sauran rina a kaba. Adireshi iri biyu ne: wanda shiri ke gani, da na ainihin RAM. uintptr_t na farkon kawai ya rufe maka. Tun processor ɗin Pentium Pro na 1995 akwai PAE, dabarar faɗaɗa adireshin RAM, inda pointer bit 32 ne amma adireshin RAM bit 36, har 64 GB. Shi ya sa Linux ta ware phys_addr_t, kuma taswirar RAM da Multiboot, ƙa'idar loda kernel, ke miƙo maka bit 64 ce ko a injin bit 32. Ka yi typedef biyu, wato ka raɗa wa kowane iri sunansa, paddr_t da uint64_t, vaddr_t da uintptr_t. Amma ka sani typedef ba ya hana ka cakuɗa su, C shiru zai yi. Ni sai da na kwana uku ina neman irin wannan kuskure, daga nan na naɗe kowanne cikin struct.

Na Tasawa:
Ka kuma duba inda kake daidaita adireshi da shafin RAM mai byte 4096. In ka rubuta ~0xFFFu, bit 32 na sama duk sifili za su koma. Rubuta ~(uintptr_t)0xFFF.

Mai tambaya:
Wallahi Yaya, shi ne a wuri huɗu cikin nawa. Na gode, bari in gyara bayan la'asar in dawo da labari.