Kun taɓa gadon kod ɗin karanta latitud da longitud da ya gagare ku karantawa?

Mai Taswira

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gaji wata manhaja a wurin aiki wadda ke karɓar lambobin wuraren rijiyoyin burtsatse daga ma'aikatan da ke zagaya ƙauyuka. Wani ya turo 12.0022, 8.5167, wani ya rubuto digiri da minti da sakan, wani ya sa N a gaba, wani a baya. Wanda ya rubuta ta ya haɗa duk waɗannan a rejeks (ƙa'idar gano siffar rubutu) ɗaya tal, layi guda da sai ka yi ta jan linzamin kwamfuta zuwa dama kafin ka ga ƙarshensa, sannan ya biyo da `if` cikin `if` har hawa shida. Babu bayani ko kalma ɗaya, kuma ya bar aikin tun bara. Tana aiki, amma ina tsoron taɓa ta. Wa ya taɓa shiga irin wannan, kuma yaya ya fita?

Ɗan Zongo

Wa alaikumus salam Yaya. Kada "tana aiki" ya yaudare ka. Tana aiki ne don duk Najeriya tana arewa da ikwaita kuma gabas da Girinwic, lambobinku ba sa ɗaukar alamar ɗebewa. Mu a Gana layin Girinwic ta Tema ya ratsa, Accra da Kumasi duk suna yamma da shi.

Namu kod ɗin yana ɗaukar digiri ya tara masa minti bisa 60. Kumasi tana wajen digiri 1 da minti 37 yamma, ya kamata a samu -1.62. Shi kuwa sai ya yi -1 a tara da 0.62, ya ba mu -0.38, kuskuren fiye da kilomita 130. Aka gyara, aka ce idan digiri ya gaza sifili a ɗebe mintin maimakon a tara. Kumasi ta dawo gida, muka yi murna. Bayan mako biyu sai ga shagunan unguwar Nima ta Accra a cikin teku. Accra tana digiri 0 da kimanin minti 12 yamma, kuma a yaren kod na Python `int("-0")` sifili ne kawai, alamar ta ɓace. Ko ka koma `float`, `-0.0 < 0` ƙarya zai ba ka. Kwana uku na yi ina nema, don lissafin alamar yana wurare huɗu dabam-dabam a cikin fankshin ɗin (ɓangaren kod ɗin da ke wannan aiki), kowanne da ɗan bambancinsa. Yanzu ana cire alamar tun farko daga rubutun, a ajiye ta gefe, a gama lissafi, a ninka da ita sau ɗaya a ƙarshe.

'Yar Damagaram

Namu ciwon waƙafi ne. A rubutun Faransanci 13,51 ake rubutawa, ba 13.51 ba. To ma'aikaci ya turo 13,51, 2,11 don Yamai, manhaja ta yanka a kan waƙafi, ta samu lambobi huɗu, ta ɗauki biyun farko: 13 da 51. Ba ta yi ko tari ba. Ga kuma harafin O, wanda a Faransanci yamma ne, a Jamusanci kuwa gabas. Wani ɗan'uwa ya cusa shi cikin rejeks ba tare da ya faɗi wanne yake nufi ba.

Tsohon Safiyo

Ku yara kuna son faffasa komai. Na taɓa karɓar kod da aka raba shi fayil goma sha ɗaya don kawai a karanta lambobi biyu, sai na yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan kamar mai bin akuya a kasuwa. Wannan ma wahalar karatu ce. Rejeks ba laifi ba ne. A Python akwai `re.VERBOSE`, ka shimfiɗa shi layi-layi da bayani a gefe, ka raɗa wa kowane yanki suna, digiri, minti, sakan, shiyya. Wanda ya zo bayanka zai karanta shi kamar wasiƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne babu ɗayanku da ya ambaci datum, wato tushen awon da ake lissafa latitud da longitud daga gare shi. Tsofaffin takardun safiyo na Najeriya a kan datum ɗin Minna aka yi su, wayarku kuwa na datum ɗin WGS 84 take bayarwa. Ko kod ɗinka ya yi kyau kamar amarya, in ka haɗa su biyun ba tare da juyawa ba, alamar iyakar fili ba za ta faɗa inda take ba.

Ɗan Zongo

Baba, a gafarce ni, ban ce fayil goma sha ɗaya ba. Matakai huɗu a fayil ɗaya sun isa: share rubutu, gane siffarsa, yi lissafi, duba iyaka. Amma maganar datum gaskiya ce, na karɓa.

Ɗaliba a ajin ƙarshe

Ni a aikin kammala karatuna na haɗa na'urar GPS da ɗan allon lantarki na Arduino. Tana fitar da layukan NMEA (tsarin rubutun na'urorin GPS), na ga 00831.200,E sai na raba da 100 na samu 8.312. Ashe digiri 8 ne da minti 31.2, wato 8.52. Kusan kilomita 23 tsakani. Malamina ya kalli allon ya tambaye ni me ya sa na kira abin `x2`. Da na kira shi `minti`, da tun a nan zan tambayi kaina ina 60 ɗin.

Malamin Python

Mai Taswira, kafin ka canza ko harafi ɗaya, ka tattara ainihin abin da ma'aikata suka turo a watannin baya, ka zuba wa tsohon kod ɗin, ka adana amsoshinsa. Su ne ma'auninka. Za ka sha mamakin abin da ke ciki: alamar digiri ta gaske da wata mai kama da ita, º, da ɗan waƙafin sama da Word ke lanƙwasawa da kansa, da masu buga guda biyu a madadin alamar sakan. Duk waɗannan a share su a mataki na farko, kada su shiga rejeks.

Sannan ka auna shi. Thomas McCabe ya kawo ma'aunin ƙidaya rassan kod a 1976, ya kuma ba da shawarar kada fankshin ya wuce 10. Kayan aiki irin su radon za su ba ka lambar. Ba wahayi ba ce, amma tana taimakawa wajen shawo kan shugaba ya ba ka lokacin gyara.

Abu mafi muhimmanci a wurina: ka koya wa kod ɗin cewa "ban gane ba". Mai karɓar komai shi ke aika rijiya digiri 51.

Mai Taswira

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi shawarar Malam, kuma gwajin ya tono abin da ban zo nema ba. KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da fom, latitud yake fara bayarwa, GeoJSON kuwa, tsarin rubuta bayanan taswira, bisa ƙa'idarsa ta 2016 longitud ne a gaba. Can ƙasa cikin hawa na biyar akwai wani reshe da ke juya lambobin idan ta farko ta wuce 90. A Najeriya babu lambar da ke kai ko 15, don haka reshen bai taɓa motsi ba. Kano tana wajen 12 arewa da 8.5 gabas. Ka juya su, sai ka sauka kusa da Ganye a jihar Adamawa, cikin ƙasa, a kan tudu, babu abin da zai sa ƙararrawa ta kaɗa. Rijiyoyi da dama na can zaune a taswirarmu.

Na cire reshen. Yanzu duk mai kiran fankshin ɗin dole ya faɗi tsarin da ya kawo, kuma ana gwada sakamakon da iyakar jihar da ma'aikacin ya zaɓa a fom. Baba Safiyo, na bar rejeks ɗin, guda uku ne ƙanana yanzu, a shimfiɗe kamar yadda ka ce. Maganar datum ɗin Minna zan same ka a kanta, akwai wasu tsofaffin takardu a kabad da aka ce in shigar.