Ya rubuta, ya sa kari, ya rera: gwaninta ce ko ganganci?

Kawu na Madani: Jama'a, kun saurari waƙar soyayyar yaron nan namu na Gadarif, nan Sudan? Shi ya rubuta, shi ya sa kari, shi ya rera da jita, rabi Hausa rabi Larabci. Masu sharhi a Facebook sun ce murya ta yi, amma baitukan ba su da nauyi, kuma ni ina bayansu. A ƙasar nan sha'iri ke rubutawa, mawaƙi ya rera. Muhammad Wardi da girmansa ya rera kalmomin Isma'il Hassan da na Mahjub Sharif. Wanda ya tara aikin mutum uku a kansa, dole ɗaya ya zube.

'Yar Kassala: Kawu, a gafarce ni, Khalil Farah fa? Shi ke tsara baitinsa, ya sa kari, ya rera, tun zamanin Haƙiba, wato tsofaffin waƙoƙin Sudan, a Omdurman. Ya rasu a 1932, har yau ana rera waƙoƙinsa. Abdulkarim Kabli ma ya rubuta wasu nasa da hannunsa.

Kawu na Madani: 'Yata, Khalil sha'iri ne na gaske. Wannan kuwa amshi ɗaya yake ta juyawa, hawaye da dare, dare da hawaye. Ina siffanta masoyiyar? Ko sunan unguwarsu bai kama ba.

Ɗan Maiwurno: Ni baitukan ba su dame ni ba, karin ne. Kiɗan Sudan a kan sauti biyar aka gina shi, shi ya sa kunnen Bahaushe ke saurin sabawa da shi. Shi kuma ya ɗauko mai bakwai irin na Turawa, sai Hausar ta riƙa tuntuɓe, inda kalma ke son hawa kari na sauka. A tsakiya akwai layin da sai da na maimaita kafin na gane me yake faɗa.

'Yar Kassala: Wannan na yarda, Yaya. Amma ka ga laifin kari ne, ba laifin wanda ya rubuta wa kansa ba. Shata wa ya rubuta masa? Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa fa?

Ɗan Maiwurno: Su ai a bakin mawaƙa da makaɗa suka tashi. Shi a waya ya koya.

Inna a Jidda: Ku bar yaro ya sha iska. Lokacin da A'isha Falatiya, mawaƙiyar Sudan mai asalin Hausa, ta fara waƙa a Rediyon Omdurman a 1942, babu irin maganar da ba a yi mata ba, don tana mace. Yau kowa tinƙaho yake da ita, ana cewa tamu ce. Kuma ku tuna tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mawaƙa da makaɗa suka watse, wasu Alƙahira, wasu nan wajenmu. Ina zai samo sha'iri da ƙungiyar makaɗa? Jikokina nan waƙar yaron suke sawa kullum bayan isha'i, har na haddace amshin ban shirya ba.

Kawu na Madani: Hajiya, yawan masu sauraro ba hujja ba ne. To amma mu raba: ɓangaren Hausar a bar masa, da ɗan dama. Na Larabcin ya kai wa sha'iri ya gyara masa.

'Yar Kassala: Na Larabcin ne fa 'yan mata ke ta turawa juna, Kawu.